Wa ke koya wa 'ya'yanmu addu'a a Legas?

Akwai gwaji mai sauƙi da uba ko uwa za su iya yi yau da daddare. A kira yaro ɗan shekara takwas, a ce masa ƙanwarsa ba ta da lafiya, ya yi mata addu'a, sai a yi shiru a saurara. Wani zai rufe ido ya karanto Addu'ar Ubangiji daga farko har ƙarshe da gudu, bai ambaci ƙanwar ba ko sau ɗaya. Wani zai juya harshe zuwa Turanci, ya ɗaga murya irin ta mai wa'azin cikin danfo, motar hayar Legas, yana ɗaure aljanu yana kiran wuta. Wani kuma zai sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa har a gaji a sallame shi. Da wuya a sami wanda zai ce, “Ya Allah, Ladi tana zazzaɓi, ba ta ci abinci ba tun safe. Ka warkar da ita. A cikin sunan Yesu, amin.”

Wannan yaro na ƙarshe shi ne ya koyi addu'a, domin ya san yana magana da wani, ya kuma san abin da ya kawo shi. Ra'ayina shi ne a gida ake samun irin wannan yaro, kuma mu Kiristoci masu jin Hausa da ke zaune a Legas mun sakar wa makarantar boko da makarantar Lahadi aikin da ba za su iya yi su kaɗai ba.

Ban ce iyaye ba su damu ba. Wanda ya san zaman Agege, Mile 12, Obalende, Idi-Araba ko barikin Ojo da na Ikeja ya san yadda rana take tafiya. Uba ya fita tun ƙarfe biyar na asuba don ya riga gosulo, ba zai dawo ba sai tara ko goma na dare. Wani maigadi ne, a wurin aiki yake kwana. Uwa tana kasuwa ko tana aikin gidan wasu. A gida, wato a ƙauyukan Kudancin Kaduna, Filato, ƙasar Tangale, Zuru, Adamawa ko kudancin Borno, ƙararrawar addu'ar safe ce ke tashin gari, kaka kuma tana nan a tsakar gida, yaro yana jin addu'arta ko bai yi niyya ba. Mun zo Legas da majami'unmu, da ECWA, da COCIN, da EYN, da LCCN, da HEKAN, da Katolika, mun kafa sujadar Hausa, amma ƙararrawar da kakar ba su biyo mu ba. Abin da a da yake shiga yaro ta iska, yanzu sai an zauna an shirya shi.

A yi lissafi. Mako guda awa 168 ne. Makarantar Lahadi tana samun awa ɗaya, sau da yawa malama ɗaya ce da yara cike da rumfa, daga mai rarrafe har ɗan aji shida. Minti goma a gida kowace rana kuwa minti 70 ne a mako, fiye da awa 60 a shekara, kuma yara uku ko huɗu ne a gaban wanda ya san halin kowannensu. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Maƙwabtanmu Musulmi sun riƙe wannan da kyau: lokacin salla sananne ne, yaro yana fara bin sahu tun yana ɗan shekara bakwai, da yamma kuma ga Islamiyya. Ba sa jiran sai an sami sarari.

Abu na farko shi ne lokaci, kuma a nan yawancin gidaje ke faɗuwa. Safiya ba ta yiwuwa ga mafi yawanmu, sai dai jimla ɗaya a bakin ƙofa, hannu a kan kan yaro kafin ya fita. A ɗaura addu'ar iyali a jikin abin da ba ya fashi, wato cin abincin dare. Ana kwashe kwanuka a fara, kafin kowa ya watse. Kada a kai ta lokacin kwanciya, domin yaron da ya tashi tun biyar da rabi zai yi barci a durƙushe, a tashe shi da tsawa, daga nan ya haɗa addu'a da ɓacin rai. Kada kuma a ce sai Baba ya dawo. Wanda yake gida shi ne zai ja gaba, uwa ce ko yaya ko gwaggo. Idan Baba yana bakin aiki ya kira ta waya, a sa shi a lasifika minti biyu ya yi addu'ar rufewa. A kashe talabijin, a kifa wayoyi. Littafi Mai Tsarki na takarda ya fi na cikin waya a wannan zama, saboda saƙo ɗaya in ya shigo ya tafi da hankalin mai karatun da na yaran. In an ɗauke wuta, tocila ta isa.

Tsarin minti goman ba shi da wuya. Waƙa ɗaya da kowa ya sani, baiti ɗaya ko biyu. Karatu gajere, aya biyar zuwa takwas, kuma labari ya fi koyarwa shiga kan yaro: Bisharar Markus, babi-babi a gutsuttsure, za ta ɗauki iyali watanni. Sai tambaya guda, “Me ka ji a labarin nan?” ko “Wa za mu yi wa addu'a yau?” Sa'an nan kowa ya yi addu'a jimla ɗaya ko biyu, a fara daga auta a gama da babba. Wannan jeri yana da dalili. Idan uba ya fara, zai kwashe duk abin da za a roƙa da manyan kalmomi, yaro ya ga nasa ba komai ba ne, sai ko dai ya kwaikwayi Baba ko ya yi gum. Idan ɗan shekara uku ya fara da “Na gode Yesu don shinkafa,” kowa ya ce amin da gaske, ya koyi cewa an ji shi. Babba kada ya wuce minti ɗaya. A rufe da Addu'ar Ubangiji tare.

Abubuwa biyu ke kashe wannan zama. Na ɗaya dariya. Yaro zai roƙi Allah ya warkar da kaza, ko ya sa Anti ta manta da aikin gida da ta bayar. In yayyensa suka fashe da dariya aka ƙyale su, gobe ba zai buɗe baki ba. Na biyu ya fi muni, kuma iyaye ne ke yinsa: faɗa ta cikin addu'a. “Ya Ubangiji, ka ga yaron nan Bitrus da taurin kai, ka ga yadda ya yi mini ƙarya yau.” Wannan ƙara ce aka kai shi a gaban kowa ido rufe, ba shi da damar kare kansa. In akwai laifi a yi maganarsa a wani lokaci dabam. Abin da ya fi gyara yaro shi ne ya ji uwarsa ta ce, “Ka gafarta mini, na yi fushi fiye da kima yau.” Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron da bai taɓa jin babba ya nemi gafara ba, zai ɗauka tuba aikin yara ne da ake bari in an girma.

Daga shekara biyu zuwa huɗu godiya ta isa, abu ɗaya da yaro ya gani da idonsa a ranar. Ba lallai ya rufe ido ko ya zauna cik ba. Daga biyar zuwa bakwai a ba shi ƙofofi huɗu: na gode, ka gafarta mini, ka taimaki wane, ka taimake ni. A wannan shekarun ne kuma ake koya Addu'ar Ubangiji, a raba ta gida bakwai, kashi ɗaya a mako, ana bayyana ma'anarsa da misalin cikin gida. Daga takwas zuwa sha ɗaya sai Zabura, gajeru tukuna: ta 117 aya biyu ce kacal, ta 23 shida, ta 121 takwas. A sayi ƙaramin littafin rubutu, a ja layi a tsakiyar shafi, hagu abin da aka roƙa da kwanan wata, dama abin da ya faru. A duba shi sau ɗaya a wata. A gidan Katolika alamar gicciye ita ce farkon komai, ana riƙe hannun yaro a kai goshi, ƙirji, kafaɗar hagu, sa'an nan ta dama, kuma goma ɗaya ta Rosari, wato addu'ar carbi, ta ishi ƙaramin yaro, ba sai an ja shi duka biyar ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wato harshe. Ɗanmu a Legas yana jin Turanci a aji, Buroka, wato Pidgin, a layi, Yarbanci a bakin maƙwabta, a makaranta ma ana koya masa shi, domin tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da Yarbanci. Hausa kuma sai ranar Lahadi, ko in Baba da Mama suna maganar da ba sa so ya gane. Yaren gida, Jju ne ko Tyap, Berom, Ngas, Bura, Margi ko Bachama, sai in kaka ta kira. To da wanne zai yi wa Allah magana?

An kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma Addu'ar Ubangiji da majami'u da yawa ke karantawa har yau tana ɗauke da Hausar wancan zamani. Yaron da aka haifa a Ijora yana cewa “mulkinka shi zo” da “ka ba mu rananga abincin yini” kowace Lahadi. A tambaye shi ma'anar rananga a gani. Ba na cewa a yar da ita. Wannan ce addu'ar da zai yi tare da kakansa in an je gida Kirsimeti, ita ce kuma zai tarar a bakin jama'a ranar jana'iza. Amma haddar da ba a bayyana ba sauti ce kawai. Sai a ce masa rananga tana nufin yau, abincin yini kuma shi ne tuwon da ya ci ɗazu, da kuɗin motar Baba, da kuɗin haya. Shawarata ita ce a raba aikin biyu. Abin haddacewa, wato Addu'ar Ubangiji, Zabura, addu'ar Alheri da waƙoƙi, a koya da harshen da ikilisiya ke sujada da shi, tare da bayani. Addu'ar da yaro zai yi da kalmominsa kuwa, a bar shi ya yi da harshen da yake kuka da shi in ya faɗi, ko da Buroka ce, ko da gauraye ne. Kada a gyara masa nahawu a tsakiyar addu'a. In ana so Hausarsa ta ƙarfafa, a yi masa Hausa a kan abinci da wanka da aike, za ta shigo addu'arsa da kanta.

Akwai kuma sunan Allah. Yaronmu zai ce Allah a makaranta, wani malami ɗan kudu ko abokin aji ya ce masa ai wannan na Musulmi ne. Yaro ya dawo gida a rikice, wani ma ya daina faɗa. A riga su gaya masa: da Hausa haka sunan yake, haka yake rubuce tun ayar farko ta Farawa, kamar yadda Bayarabe Kirista da Musulmi duk suke cewa Olorun. A buɗe masa littafin ya gani da idonsa.

Legas gari ne mai ƙarar addu'a. Lasifika a kan layi, wa'azi a mota, bidiyo a waya, yawancinsu kuma yaƙi da maƙiya ne: wane ya mutu, wuta ta sauka, a karya asirin dangi. Babba yana iya tacewa. Yaro ɗan shekara shida ba ya iyawa. Abin da yake ɗauka shi ne duniya cike take da masu neman ransa, kuma Allah ba ya ji sai an yi ihu. Sai ka ga yaro yana tsoron kyanwa, yana tsoron mafarki, yana ƙin cin abincin da gwaggonsa ta aiko daga gida. Yesu ya ce kada a yi ta maimaita magana kamar masu zaton yawan surutu ne zai sa a ji su, ya kuma ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa. Wannan yana Matiyu sura 6. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al ne suka yi ta ihu tun safe har yamma, addu'ar Iliya kuwa gajeriya ce. Ba na musun akwai Shaiɗan, Addu'ar Ubangiji ma tana roƙon a cece mu daga Mugun. Amma da Uba ta fara, kuma da Uba ya kamata yaro ya fara. In ya farka da mugun mafarki, a kunna haske, a rungume shi, a karanta masa ayar ƙarshe ta Zabura 4, wadda ke maganar kwanciya da barci cikin salama. Kada a ta da gida da ɗaure-ɗaure ƙarfe biyu na dare, hakan tabbatar masa yake yi cewa abin tsoron yana cikin ɗakin.

Haka nan ba na goyon bayan a ja ƙananan yara addu'ar kwana ta daren Juma'a su yi ta gyangyaɗi a kan benci har asuba, ko a sa ɗan firamare azumin yini. Wanda ya kai sakandare, in yana da lafiya kuma shi ya so, yana iya barin abinci ɗaya. Duk wanda kuma ya nuna yaro ya ce maye ne, ya ce a kawo shi a yi masa addu'ar kuɓutarwa da duka ko horon yunwa, cin zalin yaro yake yi, ko da wane irin kwala ce a wuyansa. A ɗauke yaron daga wurin a ranar.

Makaranta tana da nata rabo, kuma Legas ta daɗe da makarantun mishan. CMS Grammar School, wadda yanzu take Bariga, an kafa ta tun 1859, a 2001 kuma gwamnatin jihar ta mayar wa masu su makarantun mishan da aka karɓe a da. Amma yawancin 'ya'yanmu suna makarantun gwamnati ne ko ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwa, inda addu'a take nufin taron safe. A je a tsaya a bakin ƙofa ƙarfe takwas saura a gani. Yara a jere cikin rana, malami yana zagayawa da bulala yana neman wanda ya buɗe ido, wata yarinya mai baki, ita ce kullum, tana rero addu'ar da ta haddace, saura suna jiran amin. Wani abin da ba a lura da shi ba: wani horon da ake yawan yi wa yaro a makarantunmu shi ne ya durƙusa, ya rufe ido, ya ɗaga hannu sama. Siffar addu'a ke nan sak. Yaron da aka yi wa haka shekara shida, jikinsa ya riga ya koyi cewa durƙuso hukunci ne. Makarantar da ta kira kanta ta Kirista ya kamata ta bar wannan horo kwata-kwata.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Addu'ar taron safe kada ta wuce minti uku, babu bulala a hannun kowa. Ainihin koyon ya koma aji, inda yara ba su da yawa: minti biyu kafin tashi, ana bin rajista, kowa yana da ranarsa, an sanar da shi tun jiya, wanda bai shirya ba kuma a wuce shi ba tare da an kunyata shi ba. Wani lokaci a yi shiru na minti ɗaya, kowa ya yi tasa a zuci, domin yaran garin nan ba su san akwai addu'a cikin shiru ba. Kada a ba addu'a maki. Lokacin jarrabawa kuma kada a koya wa yara cewa shafa wa biro mai zai maye gurbin karatu. A roƙi natsuwa da tuna abin da aka karanta da ƙarfin ƙin satar amsa.

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Wannan kariya ce ga ɗanmu in yana makarantar da mai ita Musulmi ne, kariya ce kuma ga ɗan Musulmi a makarantarmu. Malamin da ya tilasta wa yaron maƙwabci ya ce “a cikin sunan Yesu” ya karya doka, ya kuma koya wa 'ya'yanmu da ke kallo cewa addu'a abin danne mutum ne. A taron iyaye da malamai a yi tambaya kai tsaye: wa ke jan addu'a, minti nawa, me ake cewa, ana dukan yara a kanta, yaya ake yi da waɗanda ba Kirista ba?

Wata rana littafin rubutun nan zai nuna layin da gefen damansa babu abin daɗi. An yi wata biyu ana roƙon Allah ya warkar da Kaka, sai waya ta zo daga gida cewa ta rasu. Yaro zai ce, “Mama, ai mun yi addu'a.” Kada a ce masa bangaskiyarsa ce ta kasa, wannan nauyi ne da zai ɗauka shekaru. Kada kuma a ce ya yi shiru, ba a tambayar Allah. A gaya masa Bulus ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙayar da ke jikinsa ba a ɗauke ba, Yesu ma a Getsamani ya roƙi ƙoƙon ya wuce shi, sa'an nan ya ce nufin Uba za a bi. A karanta Zabura 13 tare, wadda ta fara da tambayar har yaushe. A rubuta kwanan watan rasuwar a gefen dama, kada a yage shafin. Iyalai da yawa a cikinmu rikici ne ya koro su, ko kuwa suna da 'yan'uwa a garuruwan da ake kai wa hari. A ambaci sunayen garuruwan da na dangi a addu'a, ba tare da nuna wa yara hotunan gawa a waya ba. Umarnin Matiyu 5:44, na yi wa masu tsananta mana addu'a, yana da ɗaci a bakin wanda aka ƙone wa gida. Babba ne zai fara faɗarsa, ko da murya na rawa, kafin a nemi yaro ya faɗa.

Daga shekara sha biyu zuwa sama abin yana sauyawa. Yaron da a da yake rige-rigen yin addu'a zai fara noƙewa, yana jin kunya, wani yana shakka. A ba shi Littafi Mai Tsarki nasa na kansa, a ba shi jan zaman iyali sau ɗaya a mako in ya yarda, a haɗa shi da zumuntar matasa ko ta ɗalibai a makarantarsa. A ɗaki ɗaya da mutum shida ke kwana babu ƙofar da zai rufe, don haka in an gan shi zaune shiru a baranda ko bayan gida da littafinsa, kada a aike shi sayen kalanzir a lokacin. In ya ce yau ba zai yi addu'a da ƙarfi ba, a ce to, a wuce kan na gaba da shi, gobe kuma a sake kiransa ya zo ya zauna.